Lorenzo Ghiberti: Maƙerin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan ƙofofi biyu

A tsakiyar birnin Florence na ƙasar Italiya, daura da babbar majami'ar birnin, akwai wani tsohon gini mai kusurwa takwas wanda aka lulluɓe da farin dutsen marmara da kore. Shi ne Ɗakin Baftisma na San Giovanni, wanda aka keɓe a shekarar 1059 da sunan Yohanna Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. Ƙarni bayan ƙarni, a nan ake kawo jariran birnin a yi musu baftisma, kuma a nan aka yi wa mawaƙi Dante tasa. Ginin yana da ƙofofi uku na tagulla. Biyu daga cikinsu aikin mutum ɗaya ne, Lorenzo Ghiberti, wanda ya karɓi kwangilar ta farko yana saurayi ɗan shekara 25, ya miƙa ta biyu yana tsoho ɗan shekara 74.

Haihuwa da tasowa

An haifi Lorenzo wajen shekarar 1378 a Pelago, wani ƙaramin gari a gabashin Florence. Mahaifiyarsa, Fiore, matar wani mutum ce mai suna Cione Ghiberti, amma ta bar gidansa ta koma birni ta zauna da wani maƙerin zinariya, Bartolo di Michele, wanda aka fi sani da Bartoluccio. Ba su yi aure ba sai bayan rasuwar Cione a 1406. A gidan Bartoluccio yaron ya tashi, a maƙerarsa ya koyi narka ƙarfe da zane da zubi, kuma da sunansa ya riƙa sa hannu a takardu shekaru da yawa. Wannan sarƙaƙiyar asali ta biyo shi har tsufa, kamar yadda za a gani.

A zamanin, maƙerar zinariya ita ce makarantar masu fasaha. Yaron da ya zauna a cikinta yakan fito ya iya zane da alƙalami, ya iya ƙera siffa da kakin zuma, ya san halin wuta da halin ƙarfe. A shekarar 1400 annoba ta faɗa wa Florence, sai Lorenzo ya bi wani mai zane zuwa gaɓar tekun Adriatic, inda suka yi aikin ƙawata bangon wani ɗaki a fadar sarakunan gidan Malatesta. Yana can ne labari ya iske shi cewa an buɗe wata gasa a gida. Ya nemi izinin mai gidansa, ya kama hanya.

Gasar 1401

Ƙungiyar Calimala, wato ƙungiyar manyan fatake masu shigo da tufafi daga ƙetare su rina su su sake sayarwa, ita ce mai kula da Ɗakin Baftisma. Tun tsakanin 1330 da 1336 wani gwani mai suna Andrea Pisano ya ƙera wa ginin ƙofar tagulla guda ɗaya, ta tarihin Yohanna. Sauran mashigai biyu suka zauna fiye da shekara 60 suna jira. Lokacin da fataken suka yanke shawarar ci gaba da aikin, birnin bai gama farfaɗowa daga annoba ba, ga kuma Gian Galeazzo Visconti, mai mulkin Milan, yana cin garuruwan da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Kashe maƙudan kuɗi a kan ƙofa a irin wannan hali wata hanya ce ta neman tsari, kuma sanarwa ce ga abokan gaba cewa Florence na nan daram.

Mutum bakwai aka zaɓa su fafata. Cikinsu akwai Jacopo della Quercia na Siena, da wani matashin maƙerin zinariya ɗan Florence, Filippo Brunelleschi. Aka ba kowa tagulla da wa'adin shekara guda, aka kuma ɗora musu jigo ɗaya: lokacin da Ibrahim ya kai ɗansa wurin yanka, mala'ika ya tsayar da shi, aka fanshi yaron da rago. A riwayar Littafi Mai Tsarki na Kirista Ishaku ne yaron, a wurin Musulmi kuwa Isma'ila ne, kuma wannan ne asalin layya. Dole kowane ɗan takara ya cusa labarin cikin irin gurbin da Pisano ya yi amfani da shi, mai kumburi huɗu kamar furen da ya buɗe.

Alluna biyu ne kawai suka tsira har yau, na Ghiberti da na Brunelleschi, kuma suna rataye kusa da juna a gidan tarihi na Bargello. A allon Brunelleschi komai da ƙarfi yake: uban ya shaƙe wuyan ɗan, wuƙa ta kai fata, mala'ika ya cafke hannun. A na Ghiberti akwai ɗan jinkiri. Ibrahim ya ɗaga wuƙar ya lanƙwasa jiki, yaron ya durƙusa ya ɗaga kai, jikinsa a ƙere kamar mutum-mutumin tsoffin Girkawa, wani dutse kuma ya ratsa allon a karkace ya raba uba da ɗa daga bayin da ke jira da jaki.

Ban da kyau, akwai lissafi. Brunelleschi ya zuba siffofinsa daban-daban ya manna su a kan faranti mai kauri. Ghiberti ya zuba kusan dukkan nasa a zubi ɗaya, bayansa a rarake, don haka ya fi na abokin takararsa sauƙi da kimanin kilo 7. Ga fatake masu shirin sayen alluna 28, wannan bambanci kuɗi ne masu yawa.

Yadda aka ƙare gasar ya dogara da wanda ka tambaya. Ghiberti, a rubutun da ya bari, ya nuna cewa alƙalai 34 duka sun ba shi nasara ba tare da gardama ba. Antonio Manetti, wanda ya rubuta tarihin Brunelleschi, ya kawo cewa alƙalan sun rabu, suka ba su aikin tare, Brunelleschi ya ƙi yin tarayya ya janye. Abin da babu saɓani a kai shi ne, a watan Nuwamban 1403 da Ghiberti aka ƙulla yarjejeniya. Brunelleschi ya karkata ga fasahar gini, kuma daga wannan rana hamayya ta shiga tsakaninsu har mutuwa.

Ƙofa ta farko: shekara 21

Bayan an gama gasar, fataken suka sauya jigo. Aka ajiye labaran Tsohon Alkawari, aka ce a yi rayuwar Yesu Almasihu a alluna 20, sauran takwas kuma su ɗauki marubutan Bishara huɗu da manyan malaman coci huɗu.

Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce zubin kakin zuma, irin wadda maƙeran Ife da Benin suka shahara da ita. Ana ƙera siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a bar hanyoyin da ƙarfe zai shiga iska ta fita. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a kwarara narkakkiyar tagulla ta cike gurbinsa. Bayan ta huce a fasa yumɓun. Abin da ke fitowa a nan ɗanyen aiki ne, mai kaushi da ramuka. Ainihin wahalar tana gaba: watanni ana bin kowace fuska da kowane lanƙwasar tufa da magagari da ƙananan ƙarafan sassaƙa, ana cikewa, ana gogewa, kafin a kai ga shafa zinariya. A wannan mataki ne shekarun suka tafi.

Fataken sun ƙosa da jinkirin, har a 1407 suka sabunta yarjejeniyar da sharuɗɗa masu tsauri, suka wajabta masa yin aikin kullum kamar ɗan ƙwadago, suka hana shi karɓar wani aiki ba da izininsu ba. Duk da haka sai a watan Afrilun 1424 aka kafa ƙofar a mashigin gabas, mai fuskantar babbar majami'a. Bisa lissafin Ghiberti, ta ci fulorin 22,000 na zinariya.

Maƙerarsa, wadda ke kusa da asibitin Santa Maria Nuova, ta zama makaranta mafi girma a birnin. Donatello ya yi aiki a cikinta yana matashi, haka Paolo Uccello da Michelozzo, daga baya kuma Benozzo Gozzoli. Wasu daga cikin waɗannan sun zarce malaminsu a ƙarfin hali da sabon salo, amma a wurinsa suka ga yadda ake tafiyar da babban aiki mai ma'aikata da yawa na tsawon shekaru ba tare da ingancinsa ya faɗi ba.

Ayyukan da suka shiga tsakani

Sharaɗin hana karɓar wani aiki bai daɗe yana aiki ba, domin su kansu 'yan Calimala ne suka fara ba shi wani. A jikin cocin Orsanmichele kowace ƙungiyar sana'a tana da gurbi da za ta sa mutum-mutumin waliyyinta. Ghiberti ya zuba musu Yohanna Mai Baftisma da tagulla, mai tsayin kusan mita biyu da rabi, ya gama wajen 1416. Ƙarnuka da dama ba a ga wanda ya yi zubin mutum-mutumi mai wannan girma a Florence ba. Ƙungiyar masu canjin kuɗi ta ga haka, ta nemi a yi mata Matiyu wanda ba zai gaza na fataken ba. Zubin farko ya samu matsala a 1421, Ghiberti ya sake shi da kuɗin aljihunsa. Masu sana'ar ulu su ma suka biyo baya da Istifanus.

A Siena kuwa, hukumar babbar majami'ar birnin ta ba shi alluna biyu a 1417 domin kwarmin baftisma na Ɗakin Baftismarsu: baftismar Yesu a kogin Urdun, da kama Yohanna a gaban Hirudus. Shekara goma Siena tana aiko da wasiƙun tuni kafin ya miƙa su a 1427. A jikin wannan kwarmi aikinsa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da na tsohon yaronsa Donatello, wanda allonsa na liyafar Hirudus ya nuna ɗakuna a bayan ɗakuna cikin tagullar da kaurinta bai wuce 'yan yatsu ba. Masana da yawa suna ganin daga wannan lokaci salon Ghiberti ya fara juyawa zuwa nuna zurfi da sarari.

A 1420 aka naɗa shi tare da Brunelleschi su kula da gina ƙubbar babbar majami'a. Magoya bayan Brunelleschi sun yaɗa labarin cewa gwanin nasu ya taɓa kwantawa ciwon ƙarya domin a ga ko Ghiberti zai iya jan aikin shi kaɗai, aka kuma ga bai iya ba. Labarin daga bakin abokan hamayya ya fito, amma tarihi ya bar wa Brunelleschi ƙubbar, wadda aka rufe a 1436. Ghiberti ya zana hotunan da aka yi tagogin gilashi masu launi na majami'ar da su, ya ƙera akwatin tagulla na ƙasusuwan waliyyi Zenobius, ya kuma yi wa Paparoma Martin na Biyar da Eugenius na Huɗu hulunan zinariya, waɗanda ba su tsira ba.

Ƙofar Aljanna

A watan Janairun 1425, ƙasa da shekara guda bayan kafa ƙofar farko, Calimala ta ba shi ta ƙarshe. Wannan karon ba a yi gasa ba. Masanin nan Leonardo Bruni ya tsara jerin labaran Tsohon Alkawari a alluna 28, bisa tsarin da aka saba. Ba a bi tsarinsa ba. Aka watsar da gurbin mai kama da fure, aka koma alluna goma masu kusurwa huɗu, kowanne kimanin santimita 80 a tsaye da kwance, biyar a kowane ƙyaure. Suka fara da Adamu da Hauwa'u, sai Kayinu da Habila, Nuhu, Ibrahim, Yakubu da Isuwa, Yusufu, Musa, Joshuwa, Dawuda, suka ƙare da Sulemanu da sarauniyar Sheba.

Rage yawan allunan ya sa dole kowanne ya ɗauki labari fiye da ɗaya, kuma a nan gwanintarsa ta bayyana. Siffofin da ke gaba ya fito da su sosai, har wasu sun kusa rabuwa da allon. Na tsakiya ya rage musu tudu da girma. Na can nesa kuwa ba su wuce zane a kan ƙarfe ba. Gine-gine da daɓen ƙasa ya ja layukansu su haɗu a wuri guda, bisa ƙa'idar nuna nisa da Brunelleschi ya gano, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ta a littafi. Mai kallo sai ya ga fili mai faɗi a wurin da zurfinsa na gaskiya bai kai tafin hannu ba.

A allon Yakubu da Isuwa, ana bin labarin daga wannan baka na gini zuwa wancan: haihuwar tagwaye, sayar da matsayin ɗan fari, fitar Isuwa farauta, da albarkar da tsoho makaho ya sa wa ƙaramin. A allon Yusufu akwai wani katafaren gini mai da'ira inda ake auna hatsi a shekarun yunwa, a gefe ana fito da ƙoƙon sha daga buhun ƙaninsa, a sama kuma Yusufu yana bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Allon ƙarshe ne kaɗai ya tsaya a kan lamari guda, Sulemanu da sarauniya riƙe da hannun juna a gaban haikali, jama'a a kewaye. Masana da dama suna danganta shi da taron da aka yi a Florence a 1439 domin sasanta cocin Gabas da na Yamma.

Zubin allunan ya kammala tun wajen 1437, amma gyara da gogewa suka ci wasu shekaru goma sha. A ƙofar farko siffofi kawai aka shafa wa zinariya, aka bar bayansu da duhun tagulla. A wannan kuwa allon duka aka shafe. Ana cuɗa garin zinariya da zaiba, a shafa a jikin tagulla, a ɗora a wuta har zaibar ta ƙone ta tashi, zinariyar ta kama. Hayaƙin guba ne ga ma'aikata, amma shafen yana daɗewa ƙarnuka. A kewayen allunan aka jera ƙananan siffofin annabawa da kawuna 24. Ɗaya daga cikin kawunan na Ghiberti ne, tsoho mai sanƙo da ɗan murmushi, kusa da na ɗansa Vittorio wanda ya taya shi aikin.

A 1452, bayan shekara 27, aka gama. Fataken suka ga abin da aka yi, suka ba da umarnin a cire ƙofarsa ta farko a mayar da ita arewa, a ba sabuwar mashigin gabas, wuri mafi daraja. Giorgio Vasari ya ruwaito cewa Michelangelo ne ya ga ta cancanci zama ƙofar Aljanna. Wasu kuma suna tunatar da cewa filin da ke tsakanin Ɗakin Baftisma da majami'a da ma ana kiransa da sunan aljanna. Ko ta wace hanya sunan ya zo, ya zauna.

Ƙarar asali da littafin tsufa

Ghiberti ya yi arziki. Ya auri Marsilia, 'yar wani mai sana'ar ulu, suka haifi Tommaso da Vittorio, ya mallaki gidaje da gonaki, ya tara tsoffin kayan tarihi. Arziki da ɗaukaka ba sa rasa mahassada. A 1444, lokacin da yake cikin waɗanda za su iya riƙe muƙamin gwamnati, wani da bai bayyana sunansa ba ya kai ƙara cewa shi ɗan Bartoluccio ne da aka haifa ba ta hanyar aure ba, don haka doka ta hana shi muƙami. Tsohon ya tsaya ya kare kansa, hukuma ta karɓi cewa ɗan Cione ne na halal. Daga nan ya rungumi sunan Ghiberti, wanda duniya ta san shi da shi, ko da yake sana'ar da ta ɗaukaka sunan a hannun Bartoluccio ya same ta.

A shekarunsa na ƙarshe ya zauna rubuta littafi mai kashi uku da ake kira Commentarii. Kashi na farko ya tattaro tarihin fasahar Girkawa da Romawa daga Pliny da Vitruvius. Na biyu ya bi masu zanen Italiya tun daga Giotto, ya ƙare da labarin rayuwarsa da jerin ayyukansa, kuma shi ne tarihin kai mafi daɗewa da wani mai fasaha na Turai ya bari. Bai yi wa kansa rowar yabo ba a ciki. Kashi na uku, wanda bai kammala ba, a kan ilimin gani da haske yake, kuma ya ɗebo da yawa daga Ibn al-Haytham, masanin Basra da ya rayu a Alƙahira, wanda aka fassara littafinsa Kitab al-Manazir zuwa Latin sannan zuwa Italiyanci. Ya ambaci Ibn Sina da Ibn Rushd su ma. Maƙerin da ya sa tagulla ta yi zurfi a idon mai kallo ya so ya fahimci yadda idon kansa yake aiki.

Ya rasu ranar 1 ga Disamban 1455, aka binne shi a cocin Santa Croce. Vittorio ya gaji maƙerar, kuma shi ya ƙera ƙawar tagullar da ta kewaye ƙofar Andrea Pisano, ta haka hannun gidan Ghiberti ya taɓa dukkan mashigai uku na ginin.

Bayan rasuwarsa

Ƙofar Aljanna ta tsaya a waje kusan shekara 500, ƙura da hayaƙi suka rufe ta har mutane suka manta da zinariyar da ke ƙasa. A 1943 aka cire ta aka ɓoye saboda ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wankin da aka yi mata bayan yaƙin ne ya sake fito da hasken. Ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya yi ambaliya, ruwa da laka suka daki ƙyamaren har wasu alluna suka ɓalle suka faɗi. An tsince su a cikin taɓo.

Binciken da ya biyo baya ya nuna wata cuta da ta fi ambaliya haɗari: gishirin da ke taruwa tsakanin tagulla da zinariya yana kumbura da laima, yana ɗaga shafen. A 1990 aka cire ƙofar baki ɗaya aka kafa kwafinta a wurin. Cibiyar gyaran kayan tarihi ta Opificio delle Pietre Dure ta yi shekaru tana tsabtace ta, har da amfani da hasken lesa, kafin a sake nuna ta ga jama'a a 2012. Yanzu tana gidan tarihi na Opera del Duomo, 'yan taku kaɗan daga inda ta tsaya, cikin babban akwatin gilashi da ake hana laima shiga. Ƙofar arewa ta biyo ta can a 2015.

Dubban masu yawon buɗe ido da ke cincirindo kullum a gaban Ɗakin Baftisma suna ɗaukar hoto, kwafi suke kallo. Wanda ke son ganin sawun magagarin Ghiberti da na yaransa sai ya tsallaka filin ya shiga gidan tarihin, ya nemi kan tsohon mai sanƙo a tsakiyar ƙyauren hagu, daidai inda idon mai tsaye zai iya kaiwa.